Daga Jingina zuwa Sa Hannun Gwamna

Idan mutum biyu na bin manomi ɗaya bashi, ba shi kuma da abin biya sai gonarsa a fadamar Argungu, wa za a fara sallama? A fiƙihun Malikiyya da alƙalan yankin suka daɗe suna hukunci da shi, wanda aka jinginar wa gonar, ya kuma karɓe ta a hannunsa, shi ne gaba; saura su raba abin da ya rage gwargwadon kuɗinsu. Shaida kuwa a fili take, domin kowa a ƙauyen na ganin wanda ke shiga gonar da fartanya.

Turawa ne suka fara sauya wannan lissafi a 1910, da suka ɗora dukkan ƙasar Arewa a hannun Gwamna. Dokar Jihar Arewa ta 1962 ta bi sawu, sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta game Najeriya baki ɗaya. Ita ce ta ba gwamnan jiha ikon shata inda birni ya tsaya: fili a cikin layin ba ya jinginuwa sai da yardarsa, na waje kuma galibi sai da ta ƙaramar hukuma. A 1989 Kotun Ƙoli ta nuna ba wasa ba ne, inda ta rushe jinginar da bankin Savannah ya karɓa daga wani mai suna Ajilo saboda babu yardar gwamna. Da Birnin Kebbi ta zama babban birnin jiha a 1991, gonakin bakin gari suka fara komawa fulotai, kuma da yawansu dokar da ke kansu ta sauya alhali masu su na ta noma.

Wani zai ce ai takarda ta fi, tunda tana hana a jinginar da gona ɗaya ga mutum biyu. Gaskiya ne, amma ga mai ita. Yawancin gonakin gado ba su da takardar mallaka, don haka banki ba ya kallonsu, mai jinginar gargajiya kuma na iya tarar da hujjarsa ba ta da nauyi a babbar kotu. Sannan gwamnati na iya ƙwace filin don amfanin jama'a, ta biya diyyar gini da shuka kawai, ban da ƙasar. A yau duk mai bin bashin da ya dogara da fili, banki ne ko ɗan kasuwa, a bayan gwamna yake tsaye.