Daga Juji Zuwa Sikeli: Yadda Shara Ta Zama Jari a Kwantagora

Kakanninmu da suka sauka a Kwantagora, garin da Umaru Nagwamatse ya kafa a 1864, ba su ɗauki shara matsala ba. Toka, kashin awaki, ɓawon gyaɗa, duk juji ake kai su. Kafin damina a loda a mangala, jaki ya kai gona, kamar yadda manoman karkarar Kano suka daɗe suna yi.

Da kantunan Turawa suka kawo kananzir a garwa, sai garwar ta koma hannun 'yan ga-ruwa, gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi da guga.

Leda ce ta ɓata lissafi, musamman da fiya wata ya bazu a shekarun 1990. Ba ta ruɓewa. Manomi ya daina marmarin juji, akuya ta ci ta kumbura, kwata ta toshe. Yau mai shago yana sayar wa 'yan gwangwan kwali, robar lemo da tsohon ƙarfe a kan sikeli, tirela ta kwashi ƙarfen zuwa masana'antun narkarwa a Legas da Ogun. Amma leda, wa zai taya?

A Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana jari-bola a cikin birnin saboda satar murafan kwalbati da wayoyin wuta. Mu ma nan an fara gunaguni, kuma gaskiya akwai ɓata-gari. Sai dai yawancin masu tura kurar nan 'ya'yan unguwarmu ne, kuma da cinikin ranar ake ɗora tukunya a gidajensu.