Zanen Furanni da Aljanu: Tarihinsa a Ingila da Dalilin Rashinsa a Ƙasar Gumel

Zanen furannin daji da fentin ruwa, wanda ake haɗawa da surar ƙananan aljanu masu fukafukai, fasaha ce da ta bunƙasa a Ingila daga ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20. Tushenta biyu ne. Na farko shi ne zanen tsirrai don ilimi: kafin zuwan hoto mai launi, masanin tsiro ba shi da hanyar nuna kamannin fure sai ya sa a zana masa, shi ya sa mujallar tsirrai da William Curtis ya kafa a Landan a 1787 ta dogara ga masu zane. Na biyu shi ne yayin zanen aljanu a zamanin Sarauniya Biktoriya, irin na littafin Richard Doyle, In Fairyland, na 1870. Wadda ta fi shahara wajen haɗa su ita ce Cicely Mary Barker (1895–1973), 'yar garin Croydon, wadda littafinta Flower Fairies of the Spring ya fito a 1923. Takan zana fure daidai da yadda yake, ganye da kara da toho, sannan ta ɗora masa yaro mai fukafukai irin na malam-buɗe-littafi. Yaran makarantar da yayarta Dorothy ta buɗe a gidansu su take kallo tana zanawa.

A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar duk kayan wannan fasaha suna nan, amma ba ta tsiro ba. Furanni akwai su. Da ruwa ya zauna, tafasa da rai-ɗore sukan fitar da fure rawaya a bakin hanya, ƙuduji ya baza nasa ja-ja a gindin gero, tumfafiya kuwa ko da rani tana ɗauke da tarin ƙananan furanni farare masu baki shunayya. Imani da cewa wasu halittu na ɓoye suna zaune cikin tsirrai shi ma tsoho ne. Tsamiya da kuka sun yi suna a matsayin gidan aljanu, har iyaye kan hana yara zuwa gindinsu da tsakar rana ko da almuru. Babban dalilin rashin wannan zane shi ne irin matsayin da aljani yake da shi a wurin Bahaushe. Kafin Barker ta ɗauki burushi, yawancin mutanen Ingila masu karatu sun daina tsoron aljanunsu, sun mai da su abin lallashin yara. A nan kuwa aljani abin neman tsari ne, wanda kan shafi mutum ya haukace ko ya shanye. Iskokin bori irin su Inna, Sarkin Rafi da Ɗan Galadima suna da tufafinsu da halayensu sanannu, sai dai a jikin mai hawa ake ganinsu. Wanda ake kauce wa ambaton sunansa, ana cewa mutanen ɓoye, ba za a zana shi a rataye a ɗakin yara ba.

Wani zai ce kayan aiki ne babu. Wannan bai tsaya ba. Fentin ruwa garin launi ne da ake ɗaure shi da ƙaro, kuma ƙaro a jikin ɗakwara ake tsintarsa, Jigawa, jihar da Gumel take ciki, ita ma tana cikin jihohin da ke fitar da shi waje. Alaramma ya daɗe da sanin wannan haɗi: da ƙaro da gawayi yake dafa tawada, ya fiƙe alƙalami daga karan gamba, ya yi wa allon mai sauka zayyana da ja da rawaya da kore. Hannun da ya iya cike allo da siraran layuka ba zai kasa zana furen yakuwa ba. Wani kuma zai ce addini ne ya hana. Da gaskiya a nan, amma rabi ce. Malamai sun tsananta kan surar mai rai, sai dai an ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ƙofar zanen tsiro a buɗe take ke nan, ba a dai shige ta ba, domin manomi da mai magani ta sunansa da amfaninsa suke sanin tsiro: saiwarsa, ɓawonsa, ganyensa, abin da yake warkarwa da abin da yake kashewa. Fure ba ya shiga lissafi sosai. Kyan furen ƙuduji ma, ga mai gona, shaida ce cewa gero ya riga ya tafi.

Zanen tsirran wannan yanki a takarda ta hannun masanan mulkin mallaka ya zo. Likita John McEwen Dalziel, ɗan ƙasar Sikotland, ya tattara tsirrai a Arewa, har da ƙasar Katagum, ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary a 1916. Daga baya shi da John Hutchinson na lambun Kew suka wallafa Flora of West Tropical Africa tsakanin 1927 da 1936, da zane-zanen baƙar tawada marasa ado, don mai bincike ya bambanta wannan tsiro da wancan. Ba a yi su don mutanen karkara ba, kuma ba su isa gare su ba. Furen da ya shiga gidaje ta kasuwa ya biyo, a jikin langa da fanteka na jeren amarya, da atamfa, sannan a ƙunshin zamani da masu lalle ke zanawa a hannu. Akasarinsu wardi ne da wasu furannin ƙetare da masana'antu suka zaɓa, waɗanda ba sa fitowa a jigawar Gumel.