Tasirin Jarrabawar JAMB ta Kwamfuta a kan Ɗaliban Makarantun Gwamnati a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin sauyin da Hukumar Shirya Jarrabawar Shiga Manyan Makarantu ta Nijeriya, wato JAMB, ta yi daga jarrabawar takarda da fensir zuwa ta kwamfuta, da abin da sauyin ya haifar ga ɗaliban da suka tashi ba su saba da na'urar ba. An dogara ne a kan bayanan da hukumar ta fitar a bainar jama'a, da kuma binciken da aka gudanar a wasu ƙasashe kan bambancin sakamako tsakanin takarda da kwamfuta. Maƙalar tana ganin cewa jarrabawar tana auna abu biyu a lokaci guda, sanin darasi da sabo da na'ura, sannan ta dunƙule su cikin maki ɗaya da ake yi wa fassarar ilimi zalla.

Gabatarwa

An kafa JAMB a shekarar 1978 domin ta daidaita shigar ɗalibai jami'o'in Nijeriya. A 2010 aka haɗe jarrabawar shiga jami'a da ta kwalejojin kimiyya da fasaha da na horar da malamai, suka zama guda, wadda ake kira UTME. Shekaru uku bayan haka, a zamanin shugabancin Farfesa Dibu Ojerinde, hukumar ta shigo da kwamfuta a matsayin zaɓi: ɗalibi yana iya rubutawa a takarda, ko a kwamfuta, ko ya karanta tambaya a fuskar kwamfuta ya amsa a takarda. Daga 2015 aka janye zaɓin, kowa ya koma kwamfuta.

Ba wanda ya san halin da ake ciki kafin sauyin da zai yi kewar takarda. Tambayoyi suna fita kasuwa kafin ranar jarrabawa, ana ɗaukar sojan gona ya zauna a madadin ɗalibi, sakamako kuma sai an yi makonni ana dakonsa. Kwamfuta ta toshe da yawa daga cikin waɗannan kafafe. Tana jujjuya jerin tambayoyi da amsoshi yadda leƙen na kusa ba zai amfani mai leƙe ba. Dangwala yatsa a bakin ƙofa, da wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa tun 2021, sun sa sojan gona ya yi wuya. Sakamako yana isowa ta saƙon waya cikin 'yan kwanaki. Wannan nasara ce ta gaske, kuma maƙalar ba ta neman a koma baya. Tambayar da ta sa a gaba daban ce: idan ɗalibai biyu sun san darasin Kimiyyar Sinadarai daidai wa daida, ɗaya ya girma da kwamfuta a gida, ɗaya kuwa ranar jarrabawa ce ranar da ya fara zama gabanta, shin maki ɗaya za su samu?

Abin da bincike ya nuna a wasu ƙasashe

Masana awon ilimi sun daɗe suna bibiyar yadda hanyar gabatar da jarrabawa take shafar sakamako. Misali mafi tsabta ya fito ne daga jihar Masacusets ta Amurka, inda a 2015 da 2016 aka ba ɗalibai jarrabawa iri ɗaya, wasu gundumomi a takarda, wasu a kwamfuta. Ben Backes da James Cowan sun kwatanta sakamakon a wani nazari da aka buga a 2019. Sun gano cewa waɗanda suka rubuta a kwamfuta sun sami maki ƙasa da takwarorinsu na takarda, kuma giɓin ya fi faɗi a darasin Ingilishi fiye da Lissafi. A Ingilishin ma, ya fi yin nauyi a kan ɗaliban da dama suke ƙasa a aji. Abu mafi muhimmanci ga wannan maƙala shi ne abin da ya faru a shekara ta biyu: ga waɗanda suka sake rubutawa a kwamfuta, giɓin ya ragu zuwa kusan rabi a Ingilishi, ya koma kusan kashi ɗaya bisa uku a Lissafi. Sabo ne ya rage shi.

Dole a yi hattara wajen ɗora wannan sakamako a kan Nijeriya, domin jarrabawar Masacusets tana da sashen da ɗalibi yake buga dogon rubutu, UTME kuwa zaɓi ce tsakanin amsoshi huɗu. Amma akwai wani bambanci da yake jan lissafin zuwa ɗaya ɓangaren. Yaran Masacusets suna zaune ne a ɗaya daga cikin wuraren da kwamfuta ta fi yawa a duniya, duk da haka sauyin ya taɓa makinsu. Ina ga yarinyar da ta gama sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a wani ƙauye na Jigawa ko Zamfara?

Bincike na biyu ya shafi raba wa yara kwamfuta. Shirin nan na kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wanda aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja a 2007, ya sami gindin zama a ƙasar Peru. A can aka bibiyi makarantun karkara 319, aka fitar da sakamako a 2012. Bayan wata goma sha biyar, yaran da aka ba na'urar ba su zarce sauran ba a Lissafi ko a harshe. Ana yawan kawo wannan a matsayin hujjar cewa kuɗin ya tafi a banza. Sai dai binciken ya nuna cewa yaran sun iya sarrafa na'urar. Idan manufar ita ce kwamfuta ta maye gurbin malami, shirin bai kai ga gaci ba. Idan kuwa ƙasa ta riga ta mayar da kwamfuta ƙofar shiga jami'a, to iya sarrafa na'urar kansa ya zama abin da ake bin ɗalibi bashi, kuma shi ne abin da taɓa na'ura yake koyarwa cikin sauri.

Yadda rashin sabo yake cin maki

Tsarin jarrabawar ne yake bayyana inda asarar take. Ɗalibi yana amsa tambayoyi 180 cikin sa'a biyu: 60 a Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga cikin darussa uku da ya zaɓa. Idan aka raba, daƙiƙa 40 ce ga kowace tambaya. Wanda ya ɓata minti biyar yana neman inda zai shigar da lambarsa, ko yadda zai ƙetara daga Ingilishi zuwa Tattalin Arziki, ya rasa lokacin tambayoyi bakwai tun bai fara tunani a kan ko ɗaya ba.

Hukumar ta san da wannan. A 2017, bayan zuwan Farfesa Ishaq Oloyede, ta tsara yadda za a yi jarrabawar ba tare da linzamin kwamfuta ba, da madannai takwas kawai: huɗu na zaɓen amsa, ɗaya na komawa baya, ɗaya na ci gaba, biyu na miƙa aiki ko fasa miƙawa. A shekarar kuma ta fara jarrabawar gwaji. Duk matakan biyu amincewa ne da cewa akwai ɗaliban da hannunsu bai taɓa riƙe linzami ba, kuma hukumar ta cancanci yabo a kansu. Amma jarrabawar gwajin ta ganin dama ce, ana biyan kuɗinta, sannan a cibiyar da ke gari ake yin ta. Ɗan ƙauyen da ya fi kowa buƙatarta shi ne zai biya kuɗin mota sau biyu, don haka sau da yawa shi ne yake haƙura da ita.

Madannai takwas kuma sun magance matsalar yatsu ne kawai. Akwai ta ido da ta zuciya. Ɗalibin da ya yi shekara goma sha biyu yana karatu a takarda ya saba bin layi da yatsa, ya ja layi ƙarƙashin kalmar da ta shige masa duhu, ya soke amsoshin da ya tabbata ba su ba ne har ya rage biyu. A fuskar kwamfuta babu ɗaya daga cikin waɗannan. Labarin auna fahimta yana iya zarce fuska ɗaya, sai an gangara an dawo, ga kuma agogo yana ƙirga lokaci a kusurwa. Ga mai jin Hausa a gida, wanda Ingilishi yake harshe na biyu a wurinsa, wani lokaci ma na uku bayan Fulatanci ko Barbarci, nauyin ya ninka: yana fassara tambayar a ransa, yana kuma fama da na'urar. A kan wannan sai a ɗora tsoro. Duk malamin da ya taɓa raka ɗalibai cibiya ya ji irin tambayoyin da suke yi a bakin ƙofa: idan na danna wani abu ta mutu fa? Idan wuta ta ɗauke, aikina ya tafi ke nan? Zuciyar da take ɗauke da wannan fargaba ba za ta ba Lissafi dukkan ƙarfinta ba.

Wani zai ce ai wayar salula ta shiga ko'ina, yaran yau suna WhatsApp da TikTok. Gaskiya ne, kuma waya ta rage baƙuntar fuska mai haske. Sai dai shafa gilashi da babban yatsa aiki ne daban da zama gaban madannai ana karanta dogon rubutu ƙarƙashin agogo. Ban da haka, a gidaje da yawa ba a mallaka wa 'ya mace waya kafin ta gama sakandare, ko da an bar wa ɗan'uwanta. Wannan ya sa nake ganin duk wani awo da za a yi na giɓin, wajibi ne a rarrabe shi tsakanin maza da mata.

Tushen matsalar yana makaranta. Nijeriya tana da manufar koyar da ilimin kwamfuta tun 1988, kuma darasin yana cikin manhajar ilimin bai-ɗaya. Amma a makarantun gwamnati da dama a allo ake koyar da shi: malami ya zana hoton kwamfuta da alli, ya rubuta sunayen sassanta, ɗalibai su haddace su ci jarrabawar zango. Inda aka kai na'urori, sau da yawa suna kulle a ɗaki saboda babu wuta, babu man janareto, ko shugaban makaranta yana tsoron a lalata a tuhume shi. A yankunan da rashin tsaro ya addaba abin ya fi muni. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara da sassan wasu jihohin maƙwabta, ga makarantun kwana da aka rufe bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Jangebe. Yaran waɗannan yankuna sun zauna jarrabawa ɗaya da 'ya'yan makarantun kuɗi na Legas da Abuja.

Darasin 2025

A jarrabawar 2025, daga cikin ɗalibai kusan miliyan 1.9, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ƙorafi ya yi yawa, musamman daga iyaye da makarantun da suka san ƙwazon 'ya'yansu kuma suke da tsofaffin sakamako na kwatantawa. Hukumar ta gayyato masana suka duba, sannan a ranar 14 ga Mayu Farfesa Oloyede ya fito ya amsa cewa an sami kuskure: ba a sabunta manhajar wasu na'urorin da ke rarraba tambayoyi ba, abin da ya gurɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas. Ya nemi afuwa, aka sake musu jarrabawa.

Fitowar shugaban hukuma ya amsa laifi a bainar jama'a abu ne da ba a saba gani ba, kuma ya kamata a rubuta masa shi. Amma abin da ya fi jan hankalin mai nazari shi ne yadda aka gano kuskuren. An gano shi ne saboda ya faɗa a kan mutanen da suke da tabbacin cewa makin bai yi daidai da ilimin 'ya'yansu ba, kuma suke da bakin faɗa. Asarar da rashin sabo yake jawowa ba ta da wannan gata. Ba ta barin alama a na'ura, ba ta taruwa a cibiya ɗaya. Yaron da ya sami 158 alhali iliminsa na 185 ne zai koma gida ya ce bai yi sa'a ba, mahaifinsa ya ce Allah bai nufa ba, malaminsa ya ce yaran yanzu ba sa karatu. Kowa ya yarda da lambar, domin na'ura ce ta fitar da ita, kuma a wurinmu ana ɗaukar na'ura ba ta son kai.

Abin da ya kamata a auna

Hukumar tana riƙe da bayanan da za su iya fayyace girman wannan giɓi. Ta san makarantar da kowane ɗalibi ya fito, ta san wanda ya yi jarrabawar gwaji da wanda bai yi ba, tana kuma karɓar sakamakon jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da NECO na masu neman gurbi. Idan aka ɗauki ɗaliban da sakamakonsu na takarda ya yi kusa da juna, aka kwatanta makinsu na UTME bisa irin makarantarsu da jinsinsu, sannan aka duba yawan tambayoyin da kowane rukuni ya bari ba amsa a ƙarshen lokaci, za a ga rabon ilimi da rabon na'ura a cikin makin. Sassan nazarin ilimi na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da masanan da za su iya wannan aiki idan aka ba su bayanan bayan an cire sunaye.

Gaggawar aikin ta ƙaru domin WAEC ta fara jarrabawar kwamfuta ga masu rubutawa a ƙashin kansu a 2024, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta bayyana ƙudurin mayar da jarrabawar kammala sakandare gaba ɗaya kan kwamfuta. Idan hakan ta tabbata, ma'aunin takarda da ake iya kwatanta UTME da shi zai ɓace. A kan haka nake ganin gwamnatocin jihohin Arewa, waɗanda da yawansu dama suke biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa, su ware wani kaso na kuɗin su yi hayar cibiyoyin kwamfuta da suke zaune ba aiki mafi yawan watannin shekara, a riƙa kai 'yan aji biyar da aji shida na sakandare suna yin jarrabawar ƙarshen zango a can, sau uku a shekara, kafin ranar da makin zai yanke musu hukunci.