Amanar Madugu: Darasi Daga Fataucin Gwanja

A makarantun zaure na nan ƙasar Kazaure, duk wanda ya yi nisa a karatu ya ji sunan Ihya'u na Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111. A ciki ya ce kyawawan halaye tushensu huɗu ne: hikima, jarunta, kamun kai da adalci. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan rabo ya girme shi da fiye da shekara dubu, domin Aflaɗon na ƙasar Girka ya riga ya zayyana shi. Mukan ɗauka zancen malamai ne kawai, alhali kuwa kakanninmu fatake da shi suka ci kasuwa.

Mu dubi ayarin goro da ke tashi daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa kasuwar. Tafiya ce ta watanni. Madugu shi ke zaɓen hanya da zango, shi ke daidaita kuɗin fito da sarakunan hanya, shi ke raba gardama tsakanin fatake. In ya cika tsoro 'yan fashi su cinye ayari, in ya cika ganganci ya kai mutane halaka. Tsakanin nan biyu jarunta take, kamar yadda Aristo ya koyar. A can kuma fatoma ke sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi, ba takarda ba sa hannu. Ranar da aka ce wane ya ci amana, labarin kan riga shi isowa gida, daga nan ba mai ƙara ba shi ko ƙwarya guda ta goro. Amma fa kada mu wanke su tas: bayi na cikin masu ɗaukar kayan, adalcin bai kai kansu ba.

Daga wannan tarbiyya Alhassan Ɗantata na Bebeji ya fito. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saya wa kamfanin Turawa. Hanyarsa ita ce ya ba yaransa jari su shiga ƙauyuka su sayo, ya jira su dawo. Dukiyar da ya bari a 1955 a kan wannan yarda ta ginu.

Mu da ke Gwiwa muna ganin yadda wasu kan bubbuge gindin mudu, ko su cuɗa riɗi da yashi kafin a ɗinke buhu. Shi ya sa mai saye yanzu ba ya biya sai ya soka buhun ya duba, manomi na gari kuma ya sha ragin farashi tare da mai algus.