Kuɗin Tallafi da Guraben Aiki a Shirin Sabunta Birane: Nazari a kan Pittsburgh da Detroit

Tsakure

Maƙalar nan ta nazarci tallafin da gwamnatin tarayyar Amurka take bai wa birane domin sabunta tsofaffin unguwanni, da alkawarin aikin yi da kan biyo tallafin. An bi diddigin dokokin da suka tsara shi daga 1949 zuwa 2020, aka zurfafa a kan unguwar Lower Hill ta Pittsburgh da Poletown ta Detroit. Binciken ya gano cewa yawan kuɗin da aka zuba bai isa ya tabbatar wa mazauna unguwa aiki ba, sai an lissafa sana'o'in da rusau zai kashe tun kafin a fara, an kuma ɗaure kuɗin da sharaɗin wanda za a ɗauka.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a ga takardar neman tallafin sabunta unguwa da ba ta ɗauke da adadin guraben aikin da za a samar. Adadin nan ne yake shawo kan 'yan majalisar birni, shi ake kuma karanta wa mutanen da za a tasa. Maƙalar tana yi masa tambaya uku. Guraben sababbi ne, ko daga wani gefen gari aka ɗauko su? Wa ya same su? An cire waɗanda rusau ya kashe kuwa? An zaɓi Amurka saboda ta daɗe tana wannan aiki da kuɗin tarayya, kuma abin da ya gudana yana nan a rubuce. An dogara ga matanin dokoki, da hukunce-hukuncen kotu, da ayyukan masana tattalin arzikin birane.

2.0 Dokar 1949 da Abin da Ta Bari a Waje

Dokar Gidaje ta 1949 ta bai wa birane damar su ayyana unguwa a matsayin wadda ta lalace, su karɓe filayenta da ikon hukuma, su rushe, sannan su sayar wa masu zuba jari da rahusa. Giɓin da ke tsakanin abin da birni ya kashe da abin da ya samu, gwamnatin tarayya ce take ɗaukar kashi biyu bisa ukunsa. A 1954 Kotun Ƙoli, a shari'ar Berman da Parker, ta halatta a karɓe ko da kantin da gininsa lafiya lau yake, muddin ya faɗo cikin yankin da aka shata. Collins da Shester (2013) sun kawo cewa zuwa tsakiyar 1966 ayyukan da aka amince da su sun shafi gidaje sama da 400,000 da iyalai sama da 300,000, fiye da rabinsu kuma ba farar fata ba ne.

Diyyar da aka tsara ta ƙasa ce da gini. Sai a 1956 doka ta yarda a biya kuɗin kwashe kaya, dala 100 ga iyali, dala 2,000 ga mai sana'a. To amma jarin mai aski ko mai gidan abinci yana jikin mutanen da suka san shi, masu cin bashi a wurinsa su biya ƙarshen wata, masu turo masa 'ya'yansu koyon aiki. In aka watsa su jarin ya watse, kuma takardar diyya ba ta da gurbin da za a rubuta wannan asara. Zimmer (1964), a nazarinsa na birnin Providence, ya nuna cewa ƙananan masu sana'a da cinikinsu ya dogara ga maƙwabta su suka fi durƙushewa bayan an tashe su.

2.1 Lower Hill

Lower Hill tana manne da tsakiyar Pittsburgh. Kafin rusau ita ce cibiyar kasuwanci da kaɗe-kaɗe ta baƙar fatar birnin, titin Wylie cike da shaguna da gidajen abinci da wuraren kiɗan jaz. A zamanin magajin gari David Lawrence aka shata eka 95 daga cikinta, aka fara rushewa a 1956. An tashi mutum kusan 8,000 da wuraren sana'a kusan 400. Majami'ar Bethel, ɗaya daga cikin mafi tsufa na baƙar fata a birnin, ta bi sahu a 1957.

Abin da ya maye gurbin wannan duka shi ne zauren wasanni na Civic Arena, wanda aka buɗe a 1961. Babbar cibiyar al'adu da aka zana a kewayensa ba ta tabbata ba, filin da yawa ya zama wurin ajiye motoci. Zauren wasanni kuwa aikinsa na ranar wasa ne: mai yanka tikiti, mai shara, mai gadin mota. Ko da an tara waɗannan duka, ba su tsaya a madadin shaguna 400 da kowanne yake ciyar da gida ba. An rushe zauren kansa tsakanin 2011 da 2012.

Adalci ne a faɗi cewa Collins da Shester sun gano biranen da suka fi yin wannan aiki sun samu ƙarin kuɗin shiga da darajar gidaje. Marubucin wannan maƙala bai musanta ba. Sai dai awon nasu na birni ne gaba ɗaya, kuma birni yana iya ci gaba alhali waɗanda aka rushe wa muhalli sun koma baya. Hausawa sun riga sun faɗa: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

3.0 Tallafin CDBG da Masana'antar Poletown

A watan Agustan 1974 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta narkar da shirin sabunta birane da wasu shirye-shirye cikin tallafi guda na raya unguwanni, wanda aka fi sani da CDBG. Ana raba shi bisa ma'aunin yawan jama'a da talauci da halin gidaje, birni kuma ya zaɓi inda zai sa. A 'yan shekarun nan yakan kai kusan dala biliyan 3.3 a shekara. Ƙa'idojinsa na yanzu sun tanadi cewa aƙalla kashi 70 cikin ɗari ya amfani masu ƙaramin ƙarfi. In an ba kamfani ne domin samar da aiki, kashi 51 cikin ɗari na guraben su zama nasu ko a buɗe musu, kuma kada kuɗin gurbi ɗaya ya wuce dala 50,000 a aiki guda, ko dala 35,000 in an haɗa ayyukan birni a jimla.

Poletown ta nuna inda irin wannan lissafi yake yoyo. A 1980 kamfanin General Motors ya sanar da cewa zai rufe tsofaffin masana'antunsa biyu a Detroit, kuma in ba a samar masa babban fili ba zai gina sabuwa a wani wuri. Birnin yana cikin matsanancin rashin aikin yi, saboda haka magajin gari Coleman Young ya amsa. Aka share eka 465 a iyakar Detroit da Hamtramck, aka tashi mutum kusan 4,200, tare da gidaje sama da 1,000, wuraren sana'a sama da 100, majami'u da asibiti. Kotun Ƙolin jihar Michigan ta goyi bayan birnin a 1981. Hukuma ta kashe kusan dala miliyan 200, har da rancen da aka jingina da tallafin CDBG na shekaru masu zuwa, ta kuma miƙa filin a kan kusan dala miliyan 8.

An yi alkawarin gurabe kusan 6,000. Ko da alkawarin ya cika, kowane gurbi ya ci sama da dala 30,000 na wancan zamani. Masana'antar ta fara aiki a 1985, ta dogara sosai ga injuna masu sarrafa kansu, kuma a yawancin shekarunta ma'aikatan ba su kai wannan adadi ba. Abin da ya fi damun mai nazari shi ne guraben ba sababbi ba ne, na ma'aikatan masana'antun da aka rufe ne. Babu kuma wani sharaɗi mai ƙarfi da zai sa kamfani ya maido da ko sisi in adadin ya gaza. Rancen da aka ci kuwa daga rabon sauran unguwannin talakawa aka riƙa biyansa. A 2004 kotun ta warware hukuncinta na 1981, bayan unguwar ta riga ta tafi.

4.0 Inda Aka Ɗaure Kuɗi da Sharaɗi

Tun 1968 sashe na 3 na Dokar Gidaje da Raya Birane ya ce a fifita matalautan yanki wajen ɗaukar aiki a ayyukan da ma'aikatar gidaje ta biya. Shekara da shekaru ana auna wannan da kashi 30 cikin ɗari na sababbin ma'aikata. Ɗan kwangila sai ya zo da tsofaffin ma'aikatansa, bai ɗauki kowa ba, bai kuma karya doka ba. A 2020 aka koma auna awannin aiki, aka sa mizanin kashi 25 cikin ɗari na dukkan awannin da aka yi. Gyaran ƙarami ne a takarda, amma ya toshe ƙofar da aka daɗe ana sulalewa ta ita.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga yankunan ƙarfafawa da aka kafa a zamanin Bill Clinton. A Disambar 1994 aka zaɓi shida a birane: Atlanta, Baltimore, Chicago, Detroit, New York, da Philadelphia haɗe da Camden. Kowanne ya samu tallafin dala miliyan 100. Ban da wannan, kamfanin da ke yankin ya riƙa samun rangwamen haraji har dala 3,000 a shekara a kan kowane ma'aikaci, amma sai in ma'aikacin a yankin yake zaune. Busso, Gregory da Kline (2013) sun gano ƙaruwar aikin yi da albashi ga mazauna, ba tare da hayar gidaje ta yi tashin da zai kore su ba. Neumark da Kolko (2010) kuwa, da suka auna yankunan rangwamen haraji na jihar California, ba su ga ƙarin aiki ba. Shirye-shiryen biyu sun bambanta ta fuskoki da dama, saboda haka ba za a ɗora bambancin sakamako a kan abu ɗaya ba. Duk da haka, sharaɗin mazauni da tallafin da ya tafi ga horo da hidimar jama'a suna cikin abubuwan da suka fito fili a na farko.

Mutanen unguwar Hill ta Pittsburgh sun koyi wannan darasi da kansu. Da aka tashi gina sabon zauren wasanni, haɗakar ƙungiyoyinsu ta ƙulla yarjejeniya a 2008 da hukumomi da ƙungiyar hoki ta Penguins, wadda ta tanadi a fara tallata guraben aiki ga 'yan unguwa, a kuma tallafa a gina babban kantin kayan abinci. Kantin ya buɗe a 2013, ya rufe a 2019. Yarjejeniya tana iya kawo gini, amma ciniki sai da jama'a masu abin kashewa, waɗanda aka watsa tun 1956.

5.0 Abin da Ya Shafi Nijeriya

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bai wa gwamna ikon soke haƙƙin mallakar fili domin amfanin jama'a, diyyar kuma ta gini ce da shuka da makamantansu. Giɓin diyyar da aka gani a dokar Amurka ta 1949 yana nan ke nan, ya ma fi faɗi, domin yawancin masu sana'a a biranenmu 'yan haya ne ko masu tebur, ba su da takardar da za su nuna. An ga haka a Maroko ta Legas a Yulin 1990, inda aka tashi mutum kusan 300,000. An sake gani a Badia ta Gabas, ita ma a Legas, a Fabrairun 2013, duk da cewa Badia tana cikin unguwanni tara da aka ware domin gyara a ƙarƙashin shirin Bankin Duniya na dala miliyan 200.

Shawarar wannan maƙala ga masu ba da tallafi ita ce kada su saki kashin farko na kuɗi sai an ƙidaya sana'o'in da ke wurin shago-shago, har da yaran shago da 'yan dako da masu sayar da abinci, an cire adadinsu daga guraben da aka yi alkawari. Kashin ƙarshe kuma a riƙe shi har sai takardun biyan albashi sun nuna awannin da mazauna unguwar suka yi aiki, in sun gaza a yanke daga kuɗin ɗan kwangila.