Shari'o'in ɓata suna kan sukar motoci masu tuƙa kansu

Shari'o'in ɓata suna kan sukar motoci masu tuƙa kansu su ne ƙararraki da barazanar ƙara da kamfanonin ƙera motoci ke yi wa masu motoci, 'yan jarida, masu bincike da masu wallafa bidiyo a intanet, saboda sun ce fasahar tuƙin motar na da haɗari ga rayuka. Kamfanin Tesla na Amurka ne ya fi shahara a irin wannan taƙaddama, musamman a ƙasar Sin. A yawancin shari'o'in, sakamakon ya dogara ne ga abubuwa biyu: wanda doka ta ɗora wa nauyin kawo hujja, da wanda yake riƙe da bayanan da kwamfutar mota ta naɗa kafin haɗari.

Fasahar da ake taƙaddama a kanta

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta raba fasahar tuƙi zuwa matakai shida, daga 0 zuwa 5, a ma'aunin da ta fara fitarwa a shekarar 2014. A mataki na 2, mota tana iya riƙe layi, ta ƙara gudu ko ta taka birki da kanta, amma dole direba ya sa ido a kan hanya ko da yaushe. A mataki na 4, mota tana tafiya babu direba a cikin yankin da aka keɓe mata, kamar tasi-tasin Waymo a Amurka da na Apollo Go a birnin Wuhan.

Manhajar Autopilot da Tesla ta fitar a watan Oktoba na 2015, da Full Self-Driving da ta fara bai wa wasu direbobi gwaji a Oktoba na 2020, duk a mataki na 2 suke. Masu suka na cewa sunayen nan suna sa direba ya saki jiki. Kamfanin kuma yana cewa littafin mota da allon gabanta suna gargaɗin direba da kada ya saki sitiyari. A Disamba na 2023 Tesla ta sabunta manhajar motoci sama da miliyan 2 a Amurka, bayan binciken hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA.

Shari'o'in da suka gabata

Rigima tsakanin masu ƙera mota da masu gwada ta ta girmi fasahar tuƙa kai. A 1988 mujallar Consumer Reports ta ce motar Suzuki Samurai tana saurin kifewa a kwana. Suzuki ta kai ƙara a 1996, aka yi shekara takwas ana shari'a, aka sasanta a 2004 ba tare da an biya diyya ba.

Akwai kuma lokacin da kamfani ne ke da gaskiya. A Fabrairu na 1993 General Motors ta kai ƙarar gidan talabijin na NBC kan wani shiri da ya nuna a-kori-kurar kamfanin tana kamawa da wuta bayan karo. An gano cewa an ɗaura wa motar abubuwan tayar da wuta kafin a ɗauki hoton, NBC ta nemi afuwa a bainar jama'a.

Ita kanta Tesla ta kai ƙarar BBC a Ingila a 2011, kan shirin Top Gear na Disamba 2008, wanda ya ce cajin motar Roadster zai ƙare bayan mil 55 a filin gwaji. Kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da ƙarar a Maris na 2013.

Amurka

A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan ya sa nasara a ƙarar ɓata suna ta yi wa masu mulki wuya, daga baya aka faɗaɗa ƙa'idar zuwa fitattun mutane. Mai ƙara sai ya nuna cewa wanda ya yi maganar ya san ƙarya ce, ko bai damu da gaskiyarta ba. Jihohi da dama, ciki har da Kalifoniya tun 1992, suna da dokar da ke ba alƙali damar korar ƙarar da aka shigar don rufe bakin mai suka, a kuma sa mai ƙarar ya biya kuɗin lauya. Ana kiran irin wannan ƙara SLAPP a taƙaice.

A Mayu na 2022 shugaban Tesla, Elon Musk, ya sanar cewa kamfanin zai kafa sashen lauyoyi da zai riƙa shigar da ƙara da kansa. A watan Agusta na wannan shekara ƙungiyar Dawn Project ta Dan O'Dowd, mai kamfanin manhaja na Green Hills Software, ta watsa bidiyon wata Tesla tana take mutum-mutumi mai girman yaro, tana cewa manhajar Full Self-Driving ce ke tuƙi. Lauyan Tesla ya aika mata takardar gargaɗi, ya ce bidiyon ɓata suna ne, ya nemi a cire shi. Magoya bayan Tesla sun yi zargin cewa ba a kunna manhajar yadda ya kamata ba, suka kuma nuna cewa kamfanin O'Dowd yana sayar wa wasu masu ƙera motoci manhaja. Ƙungiyar ta ƙi cire bidiyon, ta sake biyan talla irinta a lokacin wasan Super Bowl na Fabrairu 2023.

Ƙasar Sin

A Sin lamarin ya kai ga hukunci. Sashe na 1024 na dokar hulɗar jama'a ta ƙasar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021, ya kare mutuncin kamfani kamar yadda ya kare na mutum.

Ranar 19 ga Afrilu 2021, a bikin baje kolin motoci na Shanghai, wata mata daga lardin Henan ta hau rufin wata Tesla sanye da riga mai rubutun cewa birki ya ƙi kamawa. Watanni biyu kafin nan motarta ta yi haɗari a birnin Anyang yayin da mahaifinta ke tuƙi. 'Yan sanda sun tsare ta kwana biyar. Tesla ta fitar da wasu bayanan motar da ke nuna tana gudun kilomita 118.5 a awa jim kaɗan kafin haɗarin, sannan ta kai ta ƙara tana neman yuwan miliyan 5. A Mayu na 2024 wata kotu a Shanghai ta umarci matar da ta nemi afuwa ta kuma biya sama da yuwan dubu 170, kimanin dala dubu 23, saboda ba ta tabbatar da lalacewar birkin ba. Ita kuwa ta daɗe tana cewa ba a ba ta cikakkun bayanan da za ta kafa hujja da su ba. A Satumba na 2025 wata kotu a Beijing ta umarci Tesla da ta ba ta bayanan tuƙi na minti 30 kafin haɗarin.

Wannan shari'a kan birki ce, amma ita ta zama ma'aunin yadda ake kallon duk wani ƙorafi kan motar da kwamfuta ke sarrafawa. Binciken da kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa a Fabrairu na 2025 ya gano cewa a cikin shekara huɗu Tesla ta kai ƙarar aƙalla masu mota shida, masu wallafa a intanet shida da kafafen yaɗa labarai biyu a Sin, kuma ta yi nasara a duka shari'o'i 11 da aka samu hukuncinsu. A shari'o'i 81 da masu motoci suka kai ƙarar kamfanin, tara kawai suka ci.

Batun bayanan mota

Motar zamani tana naɗar gudu, taka birki, juya sitiyari da hoton kyamara, amma yawanci kamfani ne ke iya buɗe bayanan. Wanda aka kai ƙara kan cewa mota ta yi kuskure yakan rasa hujja sai a hannun mai ƙararsa.

Abubuwa biyu a Amurka sun nuna nauyin wannan batu. Ranar 2 ga Oktoba 2023 wata tasi marar direba ta kamfanin Cruise ta ja wata mai tafiya a ƙasa kimanin mita shida a San Francisco. Kamfanin bai sa batun jan a rahotonsa na farko ba, daga baya ya amsa laifin miƙa rahoton ƙarya, ya biya tarar dala dubu 500. A Agusta na 2025 kuma, masu taya alƙali hukunci a Miami suka ɗora wa Tesla diyyar kimanin dala miliyan 243 kan haɗarin Autopilot na 2019 a jihar Florida, bayan da ɓangaren masu ƙara ya zaƙulo bayanan da kamfanin ya ce ba ya da su.

Matsayin doka a Najeriya

Babu tasi marar direba da ke aiki a titunan Najeriya, ciki har da hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ta ratsa Kwatarkwashi da Tsafe. Sai dai a cikin motocin hannu da ake shigowa da su, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko tokumbo, akwai masu birki mai kama kansa da na'urar riƙe layi.

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma ɓata suna laifi ne a dokar ƙasa, ban da ƙarar neman diyya. Dokar final kot ta Arewa ta fassara shi a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. A Zamfara, dokar hukunta laifuka ta Shari'a da ta fara aiki a shekarar 2000 ta ware ƙazafin zina da haddin bulala 80, sauran nau'o'in ɓata suna kuma suna ƙarƙashin ta'aziri. A ƙarar neman diyya, Najeriya na bin tsarin Ingila, inda wanda ya yi maganar ne zai tabbatar da gaskiyarta. Ingila kanta ta sauya dokarta a 2013, ta ce sai kamfani ya nuna babbar asarar kuɗi kafin ya yi ƙara.

Misalin da ya fi kusa a Najeriya shi ne na kamfanin Erisco Foods. A Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin kamfanin ya cika sukari. 'Yan sanda sun kama ta, aka gurfanar da ita a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kamfanin kuma ya nemi diyyar naira biliyan 5. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 da 2022 cewa sashe na 24 na wannan doka ya tauye 'yancin magana, aka yi masa kwaskwarima a Fabrairu na 2024. Ƙorafin masu saye kan ingancin kaya, har da motoci, yana ƙarƙashin hukumar FCCPC, wadda dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta kafa.