Kula da Ƙananan Yara Idan Uwa ko Uba Suka Kamu da Ciwon Daji

Ciwon daji, wanda ake kira sankara ko kansa, cuta ce mai doguwar jinya. Idan ta kama magidanci ko uwar gida, hankalin dangi kan koma wajen neman magani da kuɗin asibiti, a bar yara a gefe bisa zaton ba su san abin da ake ciki ba. Alhali kuwa yaro ɗan shekara huɗu yana lura da raɗe-raɗin manya da yawan 'yan dubiya. Mun shirya wannan bayani ne domin iyalai, da masu unguwanni, da dagatai, da ma'aikatan ƙananan hukumomi.

Yadda jinyar take

Maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wato kemo, galibi ana karɓarsa ne zango-zango, sau da yawa duk bayan mako uku, har tsawon watanni. Yakan kawo kasala, da tashin zuciya, da zubewar sumar kai, ya kuma raunana garkuwar jiki. Shi kuwa gashi da na'ura yakan ɗauki makonni ana zuwa kwana biyar a mako, kuma a manyan asibitoci kaɗan ake yin sa. Ma'ana, mutumin karkara zai bar gida na wani lokaci. Wajibi ne a yi wa yara tanadi tun kafin tafiyar farko.

Abin da za a gaya wa yara

A al'adarmu akan ɓoye wa yaro rashin lafiyar manya don tausayi. Mu dai a ganinmu ɓoyewar ta fi cutarwa, domin zai ji labarin a bakin rijiya ko a makaranta, kuma a gurguje. Gara uwa, ko uba, ko kakar da ya shaƙu da ita su zaunar da shi su ce, misali: "Innarka ba ta da lafiya, likitoci suna ba ta magani mai ƙarfi. Gashinta zai zube, amma zai sake fitowa."

Akwai abubuwa uku da ya kamata yaro ya ji, a kuma riƙa maimaita masa. Ba shi ya jawo ciwon ba, domin ƙananan yara kan ɗauka rashin jinsu ne sanadi. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta hanyar runguma, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko kwana a ɗaki ɗaya. Sannan a faɗa masa sunan wanda zai yi masa wanka, ya ba shi abinci, ya kwana da shi. Kada a yi masa alkawarin warkewar da likita bai tabbatar ba. Idan ya koma fitsarin kwance, ko yawan rigima, ko ƙin cin abinci, alamar damuwa ce. Lallashi yake buƙata, ba bulala ba.

Tsarin gida

An fi so wata daga dangi, kamar goggo ko kaka, ta tare a gidan, maimakon a rarraba yaran gidaje daban-daban. A bar su a makarantarsu ta boko da ta Islamiyya, a kuma sanar da malamansu. Muna jan hankali musamman game da babbar 'ya: kada a cire ta daga makaranta a ɗora mata girki da reno ita kaɗai.

Mace mai karɓar kemo ba ta shayarwa, don haka a nemi shawarar ma'aikatan lafiya kan abincin jariri tun da wuri. Yaron da ke fama da ƙyanda ko ƙarambau a nisanta shi da majinyaci har ya warke. In zazzaɓi ya rufe mai karɓar kemo, a garzaya asibiti a ranar, ba a tsaya shagon magani ba. Magunguna kuwa a kulle su inda hannun yaro ba zai kai ba.

Haƙƙin shugabanni da jama'a

Mai unguwa ko dagaci na iya kiran gayya a nome wa majinyaci gonarsa, domin jinyar da ta faɗo da damina kan bar gida ba hatsi a shekara mai zuwa. Limamai da kwamitocin zakka su sa irin waɗannan gidaje a lissafi. Ma'aikatan walwalar jama'a na ƙaramar hukuma su riƙa leƙawa don tabbatar da yaran suna zuwa makaranta.

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza wato furosteti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, da Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. Sai a tambayi sashen walwalar marasa lafiya na asibiti yadda ake nema.

Idan likitoci suka ce ciwon ya yi nisa, a ci gaba da karɓar maganin rage raɗaɗi, a bar yara su riƙa shiga wurin majinyaci. Lokacin ne kuma ya dace a zauna, a gaban shaidu, a rubuta wasiyya da sunan wanda zai riƙe kowane yaro.